Bencin Mai Aski

Wata bakwai na yi ina kula da Baba bayan rasuwar Mama, ban ga haƙoransa ba ko sau ɗaya. Ba ciwon jiki ba ne, likita ya auna duk abin da ake aunawa ya ce lafiyarsa ƙalau. Zama kawai yake yi a kujerar falo ya zuba wa bango ido. Na rufe shagon ɗinkina na dawo gidan da zama. Na kwashe hotunan Mama da takalmanta na kulle a akwati, na kuma gargaɗi 'yan'uwa kada wanda ya ambace ta a gabansa. A ganina babu wanda ya kai ni iya jinya.

Sai ga mai askin bakin layinmu, wani tsoho mai surutun tsiya, ya faɗo mana wata safiya, ya tsaya yana kallon kan Baba.

"Wannan sumar taka abin kunya ce ga sana'ata. Tashi mu je."

Na buɗe baki zan ce ba ya fita, sai na ga Baba yana laluben takalminsa.

Daga ranar, kullum da hantsi mai aski zai ƙwanƙwasa ƙofa, su tafi. Akwai benci a ƙofar shagonsa inda tsofaffi ke zama, har da wani tsohon malamin makaranta da mai gyaran rediyo, suna musu a kan abin da ko kaza ba zai dama ba. Baba ya fara cinye abincinsa. Ya kamata in yi murna, na kuwa yi, amma ba ta kai zuci ba.

Ran nan ya manta tabarau ɗinsa, na bi shi da shi. Tun daga kwanar layi na jiyo dariyarsa. Labarin Mama yake ba su, wai lokacin da yake koya mata tuƙi ta afka wa shingen maƙwabci, ta fito tana yi wa shingen faɗa. Yana dariya yana share hawaye, mai gyaran rediyo na dukan cinyarsa. Ni da na fito daga cikinta ban taɓa jin labarin nan ba. Kishi ya turnuƙe ni. Ni ke wanki, ni ke girki, ni na bar sana'ata, amma dariyar ta masu benci ce? Na juya gida da tabarau ɗin a hannuna.

Washegari na tare mai aski a bakin ƙofa.

"Kawu, Baba ba ya jin daɗi. Likita ya ce ya huta, ban da baƙi."

"Ashsha! Allah ya ba shi lafiya, 'yata. Ki gaishe shi."

Ban gaishe shi ba. Da Baba ya tambaya, ce masa na yi yau ba wanda ya zo. Ya zauna da hularsa a ka har azahar. Kwana na biyu ma haka. Na jawo kujera na yi ta ba shi labarai, yana gyaɗa kai don kada in ji kunya. A na uku bai sa hular ba. A na huɗu ya ture kwanon abinci, ya koma wa bangonsa.

Na durƙusa gabansa na faɗa masa abin da na yi, ban rage komai ba. Na zaci zai yi faɗa. Kallona kawai ya yi, ya ce, "Miƙo mini hulata, Auta."

Ni na raka shi. Suna hango mu mai aski ya ɗaga almakashi sama.

"Ga majinyaci! Wane irin ciwo ne wannan da yake sa ƙiba?"

Suka matsa suka ba shi wuri a tsakiya. Na juya zan tafi, Baba ya riƙo gefen mayafina, ya rage murya don kada su ji.

"Ni kin ga inda nake zama. Ke fa? Tun da uwarki ta rasu, wa ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar gidanmu don ke?"

Na nemi suna guda ɗaya in ba shi, ban samu ba.