Maganin Ɗan Yaya

Tare suka je asibitin unguwa, Auta da yayarta, kowace ɗauke da yaro mara lafiya. Yaya ta fito daga ɗakin magani da kwalba cikin kwali mai sheƙi, wadda aka ce sai a firji za a ajiye ta. Auta kuwa farasitamol aka miƙo mata, aka ce ta yawaita ba 'yarta nono da ruwa.

Suka zauna a bencin bakin ƙofa. Yaya ta ɗora kwalin a cinya, inda kowa zai gani.

"Ruwa kawai?" in ji Yaya. "Ai da kin yi zamanki a gida, famfo ya fi kusa."

Tun Auta da Yaya suna yara haka ake yi, sabo na Yaya ne, Auta sai kwance. Yau ga shi har a kan 'ya'ya. Kumatu, ɗan Yaya, yana zaune yana wasa da takalminsa, ita kuwa 'yarta tari take kamar ƙirjinta zai tsage.

Ta gyara goyo ta koma ɗakin likita.

"Likita, don Allah da me ɗan yayata ya fi tawa? Shi an ba shi mai ƙarfi."

Likitar ta sake ɗora abin awo a ƙirjin yarinyar, ta saurara.

"Mura ce, ƙanwata. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa mura, sai dai ya koya wa ƙwayoyin jikinta taurin kai, ranar da kike buƙatarsa ya ƙi aiki. In numfashinta ya yi sauri ko ta ƙi nono, dawo da ita nan take. Zancen yaron kuwa, uwarsa za ki tambaya."

Auta ta fito ba ta gamsu ba. Ta tarar Yaya ta zaro wata tsohuwar kwalba mai ragowar maganin Kumatu daga jaka tana goge bakinta.

"Daina kumbura baki, autar Mama. Zo in zuba miki rabi. Ni da ya ɗan ji sauƙi nake tsayar masa, ragowar ta yi mana wata rana."

Har Auta ta miƙa hannu. Abin da take so ke nan tun ɗazu.

"Wai me ya sa shi aka ba shi wannan?" in ji Auta, tana nuna sabon kwalin.

Yaya ta daina goge kwalbar.

"Ciwon fitsari ne. Gwaji ya nuna ƙwayar ba ta jin waɗanda na saba ba shi. In wannan bai yi ba, sai kwanciya a babban asibiti, da allura ta jijiya." Ta dubi yarinyar da ke bayan Auta, ta taɓe baki. "Ke kam kin huta. Taki ruwa ma ya ishe ta."

Auta ba ta taɓa jin wannan muryar a bakin Yaya ba. Irin muryar Auta ce ita kanta ta ɗazu, mai hangen na wani.

Ta janye hannunta, ta karɓe tsohuwar kwalbar ta jefa a kwandon shara.

"Ki ba shi sabon yadda aka ce, Yaya, har ya cika kwanakinsa. Zan riƙa zuwa ina duba kwalbar."

"Ji mini yarinya, yanzu ke ce likitar?"

Auta ta ƙara ɗaure zanin goyonta. Duk da haka, da Yaya ke mayar da kwalin cikin jaka, sai da ta bi shi da ido har zif ya rufe.