Gorar Kailu

"Inna Habsa, ɗaga kaɗan. Rezo ya gudu."

Na ɗaga doguwar sandar gora, wayar da anka ɗaure a kanta tana lilo. Duk unguwarmu a Filinge, rezo, wato sabis na waya, bai kama ko'ina sai gindin rumbuna, shi ya sa Kailu, ɗan maƙwabciyata Dijatu, ke shimfiɗa tabarma a gidana duk Asabar, ordinater, kwamfutar nan tasa, bisa cinya.

Shekarar da sojoji sunka hau mulki ya dawo daga Yamai, ya rame, idonsa ya yi ɗorawa. Ni na fara kai labari bakin rijiya cewa aljanu yake magana da su, don na ji muryoyi a ɗakinsa kuma ban ga takalmin kowa ba. Ashe yara ne a waya, na Sanam da Bonkuku da Baleyara, yana koya musu ƙera wasan cikin waya. Bai taɓa ganin ko ɗayansu ido da ido ba.

Wasan da suke ƙerawa, wata tsohuwa ce ke korar akuya daga shanyar hatsi. Tsohuwar da giɓi, da baki kullum buɗe.

"Wagga wa ce?" na ce.

"Wata ce can, Inna."

"Ɗan nema. Ɗankwalina ne wannan."

Abin da ya hana su barci, akuyar ratsa darni take kamar iska. Mairo ta Sanam, wadda ta fi su baki, ta yi ta roƙon Kailu, wanda suke ce ma Mushe, wato malam da Faransanci.

"Mushe, ka gyara muna mana."

"Ba ni gyarawa. Akuyar ga ba ta san darni ba sai kin gaya mata. In ta taɓa shi, mi za ta yi? Rubuta mata."

Na ce masa wannan mugunta ce. Ya ce in ya gyara musu yau, wa zai gyara musu baɗi? Sai ya yi tari mai tsawo, ya tofa a ƙyalle, ya tura ƙarƙashin tabarma. Na gani. Wannan kam ban kai shi rijiya ba.

Asabar ta ƙarshe, Dijatu ce ta riƙo shi har gindin rumbu. Da anka gama ya miƙo min wayar.

"Inna, duk ƙasarmu ta Kurfai babu mai kai labari kamarki. In ta faru, ke za ki gaya musu. Kada su yi ta kira su ce Mushe ya yar da su."

"Rufe min baki," na ce. Amma na karɓa.

Ranar Laraba da hantsi ya cika. Anka kai shi kafin azahar.

Asabar na ɗaure wayar a gora, don haka na saba. Ko ɗagawa ban gama ba ta yi ƙara. Na sauke, na danna koren nan da ya nuna min.

"Mushe, ta tsaya! Akuya ta tsaya!"

Mairo ce. Bayanta wasu muryoyi, Talle na Bonkuku yana rantsuwa sata ta yi. Ni da na kai labarin cikin shege da sakin aure da ɓatan rago gida-gida, ba gardama, sai ga harshena ya yi nauyi.

"Ɗiyata, Inna ce, mai gora. Mushe Kailu Allah ya yi masa rasuwa tun Laraba. Shi ya ce in gaya muku."

Sai wani ƙarami ya fara shessheƙa. Na ce su yi masa addu'a, sunka yi, kowa da inda ya kama.

"Inna," in ji Mairo, muryarta ƙasa-ƙasa, "ta Talle har yanzu tana ratsawa. In kin ɗaga gorar, sai in nuna masa."

Na kira Dijatu ta katanga. Ta zo da carbinta da kayan Kailu, ta zauna a tabarmar, ta buɗe ordinater kamar yadda ta ga yana yi. Na ɗaga gora. A cikin gilashin, akuyar Mairo ta taho a guje, ta kai darni, ta tsaya tana kaɗa wutsiya.