Yatsu Huɗu na Inna Tarhata

Ranar ƙuri'ar yankinmu na Bangsamoro, da aka tambaye mu ko muna son riƙe shi da kanmu, ni aka ba teburin takardu da tawada, a ajin da nake koyarwa. Kafin hantsi layi ya kai bakin kogi, amma ko tari ba ka ji. Mutanen da in suna kasuwar kifi sai ka toshe kunne.

Inna Tarhata, tsohuwar ungozomarmu, ta sauko daga kwalekwale cikin zanenta na Sallah. A ƙofar aji ta tuɓe takalma kamar mai shiga masallaci. Na bayanta suka gani, su ma suka tuɓe.

"Norhata, ba ni takarda huɗu."

"Inna, ɗaya ake ba kowa."

"Ke da na yanke wa cibiya, yau ke ce hukuma? Salik da Guiamel da Kadil fa?"

'Ya'yanta ne. Yaƙi ya cinye su ɗaya bayan ɗaya, na Kadil ko kabari ba a gani ba.

Ɗayar ta karɓa, ta rubuta amsarta a hankali, ta jefa. Na ɗiga mata tawada a manuniya. Ba ta janye hannun ba, sai ta baje sauran yatsun. Na dubi shugaban rumfa, na ga ya kafa wa rufi ido. Na shafa wa uku tawadar.

Ta nufi ƙofa, hannu a sama don kada tawadar ta goge.

"Ku matsa mana," ta ce wa layin. "Mu huɗu ne."