Ƙwayar Kwamanda

Mijinta mai aski ne, kuma shi ya raɗa mata suna Kwamanda, tun ranar da likita ya ce kitse ya yi yawa a jininsa, ya rubuta masa wata 'yar ƙwaya da zai riƙa sha kullum. Ita ta karɓi ragamar maganin. Ciwon zuciya ne ya ɗauke mahaifinta ana tsaka da hira, don haka ba ta wasa da wannan magana. Ana gama cin abinci za ta ɓallo ƙwayar, ta tsaya a kansa da kofin ruwa sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Shi kuma ya sara mata kamar soja, yara su kwashe da dariya.

Bayan 'yan watanni ya fara ƙorafi. Cinyoyinsa na ciwo, kafaɗu kamar an yi masa duka, gwiwoyi kuwa sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Ya ce mata shi dai tun da ya fara shan abin nan jikinsa ba nasa ba ne. Ta ce ai mutumin da ke wuni a tsaye yana kewaya kan jama'a dole ƙafa ta yi tsami, ga shekaru sun fara ja, kuma ta san shi da gudun magani tun yana saurayi. Ta sayo man zafi tana mulke shi, ƙwaya kuwa ba fashi. Da tari ya kama shi, ita da kanta ta je kemis ta karɓo masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta haɗa masa da na kullum.

Tana cikin aji tana koya wa 'yan firamare lissafi telan da ke maƙwabtaka da shagonsu ya kira ta a waya, ya ce ta zo yanzu, kada ta tsaya tambaya.

Ta tarar da shagon cike da mutane. Wani dattijo na zaune a kujerar aski, mayafi ɗaure a wuyansa, rabin kansa a aske, rabi da gashi. Kilifar askin na ƙasa tana ta kuka, ba wanda ya tuna ya kashe ta. Mijinta kuwa yana zaune dirshan a kan gashin da ya zuba, ya jingina da ƙafar madubi. Tela ya ce hannunsa ne ya sauka da kansa ana cikin aski, da ya sunkuya zai ɗauki kilifar sai ƙafafun suka ƙi tayar da shi.

Ta durƙusa ta kama hannunsa. Bakinsa bai karkace ba, maganarsa garau. Ya matso da ita ya faɗa mata a kunne, don kada mutane su ji:

“Kwamanda, tun jiya fitsarina kamar baƙin shayi yake. Kunya ta hana ni gaya miki.”

Ƙanensa direban tasi ya iso, shi da tela suka cicciɓe shi, mutumin da ke ɗaukar buhun siminti shi kaɗai in ana gyara a gida. A mota ƙanen yana ta cewa shanyewar jiki ce, Yaya ka yi ta salati.

A asibiti aka ɗebi jini, aka saka masa ƙarin ruwa. Likitar, wata mace mai farin gilashi, ta tambayi magungunan da yake sha. Kwamanda ta zazzage jakarta a kan tebur, har da ɗan alfaharinta, ta ce bai taɓa tsallake rana ba, ita ce shaida. Likitar ta ɗauki kwalin maganin kitsen, ta ɗauki na tarin, ta dube su tare. Ta ce ba shanyewar jiki ba ce. Maganin kitse yakan sa wa wasu ciwon tsoka da gaɓoɓi, yawanci kaɗan ne, in an faɗa da wuri a rage ko a canza. Amma wannan na tarin yana hana shi fita daga jiki, sai ya taru. Tsokarsa ce ke narkewa tana bin jini, ita ce ta rina fitsarin, kuma ƙodarsa ta fara wahala.

“Ni na ba shi,” in ji Kwamanda. “Duka biyun. Da hannuna.”

Likitar ta ce ba laifin kowa ba ne, maganin kitsen ya ceci mutane da yawa, kuma an kawo shi a kan lokaci. Kwamanda na jin maganar kamar daga wani ɗaki ake yin ta. Abin da ke yawo a kanta kawai, sau nawa ya ce mata jikinsa ba nasa ba ne, tana miƙa masa kofi.

Ta fita baranda ta zauna a kan benci. Ƙanen mijin ya kawo mata ruwa, ta ajiye robar a gefe.

Ruwan da aka yi ta ɗura masa ya wanke ƙodar, ba a kai ga saka shi a injin wankin ƙoda ba. Fitsarin ya washe a hankali. Ƙarfin ne ya daɗe bai dawo ba. Da aka sallame shi, hawa matakalar gidansu sai da ya huta a tsakiya. Likitar ta ce a dakatar da maganin tukuna, in ya murmure za a gwada wani iri mai sauƙi, kuma ko ciwon yatsa ya ji ya dawo ya faɗa, kada a sake haɗa masa wani magani ba a tambaya ba.

Da ya koma shago, sai ya sayi doguwar kujera yana aski a zaune. Ita kuma ta kan biyo ta wurin in an tashi daga makaranta, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yadda yake ɗaga hannu.