Bidon Jimrau

"Ku kama ta ƙafa, a hankali!" in ji mijina Arzika, suna fito da maƙwabcinmu Jimrau daga motar Maradi. Ina leƙe ta kan katanga. Mutumin da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai, yau ga shi an tallabo shi a tabarma, riga ta yi masa yawa.

Zama ya gagare ni. Na ɗora tukunya, na sauke, na ja mayafi na faɗa wurin Kyauta, matarsa.

"Mi likita ya ce?"

"Kansar hanji ce, Mansura. Ta kai ga hanta. Ya ce mu maido shi gida."

"Ba basir ba ne?"

"Ina! Wai da mun tahi tun da ya hwara ganin jini, da an zura wani siririn tiyo mai ido an duba, an cire abin tun yana tsiro. Ya ce duk wanda ya manyanta a riƙa duba shi, ko da lahiyatai lau."

Basir! Kowane namijin garin nan da nasa, har tinƙaho suke da shi. Jimrau da mijina rumfa ɗaya suke auna gero, bido ɗaya kuma suke sha, wata jarka ta jiƙon sassaƙe da wani mai lasifika ke kawowa ranar kasuwa. Da jinin ya ƙaru, mai maganin ya ce ai dattin ne ke fita. A dispanser, ɗan asibitin garinmu, sun taɓa tura Jimrau Maradi. Da ya ji ta inda ake dubawar, sai ya ce da gemunsa ba mai kwance masa wando.

Ni kuwa ni ke wanke wandunan Arzika. Tun damina nake ganin abin da nake gani, tsoro na cina.

"Malam, ka dai ji abin da aka ce," na ce masa da yamma.

"Nawa na gado ne. Baba ma da shi ya koma ga Allah."

"To, mi ya kashe Baba?"

Ya zura takalmi ya yi masallaci, ko kiran salla ba a yi ba.

Jimrau bai daɗe ba. Wata safiya na kai masa kunu, na tarar Arzika da Kyauta sun juya shi suna sake masa zane. Na tsaya bakin ƙofa. Muryarsa ta shige, amma tsiyarsa na nan.

"Arzika, ka tahi ka kwance wandon nan. Dube ni. Wa ya rage bai kwance mini ba?"

Ran Laraba da hantsi ya cika. Mijina na cikin masu yi masa wanka.

Washegarin sadakar uku ya ce in sa masa kaya kala biyu a jaka. Ban tambaye shi ina za shi ba, don kada baki ya ɓata. Na dai bi shi da ido har ya karya kwanar tashar motocin Maradi.

Har yanzu bai kira ba. Na share tsakar gida, na sake sharewa, wayar na ƙulle a gefen zanena. Bidon yana kan katangar da ke tsakaninmu da su Kyauta, inda Arzika da Jimrau suka saba miƙa wa juna. Saura rabi, sassaƙen ya kwanta a ƙasa.