Waken Ƙarƙashin Gado

Malam Andrawus, malamin Bayoloji, ba ya fara zangon karatu sai ya karanta wa aji dokokinsa. Mu sauran malamai mukan shiga mu tambayi yara yadda aka sha hutu, shi kuwa da alli yake shiga, ya juya musu baya, ya cika allo daga sama har ƙasa. A waccan shekarar ni ce malamar ajin SS1 na Kimiyya, Turanci nake koyar da su. Ranar ina tsaye a bayan ajin ina jiran ya gama in yi kiran suna, don haka da kunnena na ji komai.

Bayoloji maki ɗari ne, in ji shi. Tes ashirin, jarrabawa sittin, firaktikal ashirin. Wanda ya makara da aiki, sifili. Wanda ya turo uwarsa ko fastonsa ko limaminsa roƙo, sifili, sannan ya tafi da kunya. Sai ya ja layi biyu a ƙarƙashin doka ta ƙarshe: duk wanda ba shi da makin firaktikal ya faɗi Bayoloji, ko da ya cinye jarrabawar ƙarshe gaba ɗaya.

Babu yaron da bai san abin da faɗuwar take nufi ba. Ajin Kimiyya ya cika ya batse, lab ɗinmu ko rabinsu ba ya ɗauka, saboda haka makaranta takan tace su a ƙarshen SS1. Wanda ya faɗi Bayoloji sai a mayar da shi ajin Ats, kuma ba a dawowa daga can. Wanda ya tafi Ats ya yi sallama da aikin asibiti ke nan.

Winifred kuwa nas take son zama, kuma ba ta ɓoye wa kowa. Ko insha'i na ba su a kan kasuwar shanu, sai ta san yadda ta yi wani sa ya tunkuyi mutum aka kai shi asibiti. Nakan ja mata kunne a kan haka, tana dariya. Yarinya ce mai ƙoƙari, ba ta cika surutu ba, kuma ina sonta. Ba na jin kunyar faɗin haka, malamin da ya ce duk ɗalibansa ɗaya suke a wajensa ƙarya yake yi.

Firaktikal ɗin wannan zangon mai sauƙi ne a ido. Kowane ɗalibi ya sami gwangwani biyu, ya cika su da ƙasa, ya shuka wake. Ɗaya a ajiye a rana, ɗaya a cikin duhu inda haske ba ya kaiwa. A ranar da aka sa, a kawo su biyun a jera. Na rana zai fito kore, gajere, mai ƙarfi. Na duhu zai yi dogon wuya, ya yi rawaya, ya langaɓe kamar mai jinya. Wannan bambancin shi ake son yara su gani, kuma shi ake ba maki.

Winifred ta shuka nata a kan kari. Ɗaya a bakin taga, ɗaya can ƙuryar ƙarƙashin gado. A unguwar Nassarawo suke zaune, nan cikin Mubi, ita da uwarta da kakarta ta wajen uba. Tsohuwar nan daga duwatsun Michika ta sauko a shekarar da rikici ya sa kowa ya gudu, kuma ba ta sake komawa ba. Gonarta ta zama daji. A gidan haya babu wurin noma, don haka duk damina sai ta zauna a bakin ƙofa tana kallon ruwan sama, tana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa yau da a gida ne da an yi shuka.

Saura kaɗan a kawo aikin, sai aka yi rasuwa a Maiha, yayan uwar Winifred. Suka tafi zaman makoki ita da uwarta. Kafin su fita ta nuna wa tsohuwar gwangwanayen, ta ce, “Kaka, ki riƙa zuba musu ruwa. Ɗaya ga shi a taga, ɗaya yana ƙarƙashin gado.”

Ba ta yi mata bayanin dalili ba. Wa zai tsaya koya wa matar da ta tsufa a gona yadda ake kula da wake?

Kaka ta durƙusa za ta ba da ruwa, ta jawo gwangwanin, ta ga wake ya yi fari fat, ya miƙe wuya yana neman rana. Abin da kowane manomi zai yi shi ta yi. Ta fito da shi waje. Ba ta tsaya nan ba, ta ce gwangwani ba wurin wake ba ne, ta tona ƙasa a gindin katangar bayan gida, ta dasa na duhun da na tagar a layi ɗaya, ta bi gidan maƙwabta ta samo kashin awaki ta zuba. Da su Winifred suka dawo, duka sun yi kore shar, ba mai iya bambanta wannan da wancan. Ranar kawo aiki kuma jibi ce, kuma wake ba ya tsirowa ya yi rawaya a kwana biyu don wani yana cikin matsala.

Ranar Litinin na leƙa lab. Teburan sun cika da gwangwanaye, kowa da korensa da rawayansa. A gaban Winifred akwai gwangwani biyu, dukansu kore, ƙasar cikinsu sabuwar tonowa. Malam Andrawus ya tsaya a kansu.

“Ina na duhun?”

“Shi ne wannan, Malam.”

“Wannan? Ko dai lantarki gare ku a ƙarƙashin gado?”

Yara suka kwashe da dariya. Ta tsaya har suka gama, sannan ta ba shi labarin tun daga rasuwar har kashin awakin, ba ta rage komai ba. Ya saurare ta, ban ce bai saurara ba. Da ta gama ya ce, “Allah ya ji ƙan kawunki. Amma ni rawayan wake na ce a kawo.” Ya wuce tebur na gaba.

Daga baya na ji cewa da safiyar ranar, a bakin get, wani ɗan ajinsu mai suna Clinton ya ce ta karɓi gwangwani ɗaya, yana da ƙari. Ashe wani yayansu ne a SS2 ya kifa baho a kan gwangwanaye da yawa yana raba wa ƙanne. Ta ƙi karɓa. Ta ce za ta faɗi gaskiya, ai Malam zai gane. Mu muka koya mata wannan, mu da muke tsayawa a asambuli muna ce musu gaskiya dokin ƙarfe. Da na ji labarin sai da na rasa inda zan sa kaina don haushi.

Na sami Malam Andrawus a sitaf rum yana shan shayi.

“Malam, yarinyar nan ba ƙarya ta yi ba.”

“Na sani, Malama Habibat.”

“To idan ka sani?”

Ya ajiye kofin. “Shekaran bara wata uwa ta zo nan tana kuka, wai akuya ta cinye waken ɗanta. Na ji tausayi, na ba shi maki. Kafin sati ya zago duk awakin Mubi sun koyi shiga ƙarƙashin gado. Bara kuma ruwan zafi suka riƙa zuba wa wake don ya yi rawaya. Idan na buɗe ƙofa saboda kaka ɗaya, gobe kowa yana da kaka.”

“Amma ka duba abin da ya faru. Wake ya yi rawaya a duhu, aka fito da shi rana ya koma kore. Ba shi ne darasin ba? Ai ita ta ga abin da sauran ba su gani ba.”

“Gaskiyarki. Amma ni ban gani ba. Abin da na gani nake ba maki.”

“Ka ba ta sati biyu ta sake.”

“Ranar Juma'a ake rufe shigar da makin firaktikal a kwamfuta. Kuma na rubuta a allo, kina wurin. Wanda ya makara, sifili.”

Na ce masa rabin gwangwanayen da ya ba maki a ƙarƙashin baho ɗaya suka tashi. Ya ce in kawo hujja. Ba ni da hujja, kuma ko ina da ita, kayar da wasu yaran ba zai ta da Winifred ba. Na faɗa masa maganganun da bai kamata in faɗa wa abokin aiki ba, har sai da malamin lissafi ya tashi ya fita. Shi kuwa ko ɗaga murya bai yi ba. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da mugu ne da na ji sauƙi, amma mutum ne da ba ya karɓar ko goro daga iyayen yara, kuma shi kaɗai ne a makarantar yake kai su lab da gaske.

Na je wajen firinsifal. Ta jinjina kai, ta ce abin tausayi ne, ta ce ita ba ta da matsala idan malamin fanni ya yarda. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Na kuma lura cewa rijiyar ma ba ta yi baƙin ciki sosai ba, tunda kujera ɗaya za ta ragu a ajin da ya cika.

Winifred ta rubuta jarrabawar ƙarshe, ta yi ƙoƙari ƙwarai, Malam Andrawus da bakinsa ya gaya min tana cikin na gaba-gaba. Sakamako ya fito da faɗuwa a Bayoloji.

Wata Asabar cikin hutu na hau keke napep na tafi Nassarawo. Ban san me zan ce ba, na dai ga bai kamata in yi shiru ba. Uwar ta tare ni a zaure, idonta ja. Ta ce, “Malama, don Allah kar ki faɗa a gaban tsohuwa. Ba mu gaya mata ba.”

Kafin in amsa sai ga Kaka ta fito, 'yar ƙarama, a duƙe, ta kama hannuna da hannayenta biyu, tana magana da gurguwar Hausarta.

“Kai ne malama na Winifred? Zo, zo ka gani.”

Ta ja ni bayan gida. Waken ya yi yaɗo ya hau katanga, har ya fara fure.

“Ka gani? Wake nan ya kusa mutu, wallahi. Yarinya nan ya ɓoye shi cikin duhu kamar kayan sata. Makaranta ba ya koya musu noma ne? Ni na ta da shi.” Ta shafa wani ganye da bayan yatsa. “Tun da na zo gari nan hannuna bai taɓa ƙasa ba. Yanzu kullum da safe ina da wurin zuwa.”

Winifred tana tsaye a bayanta. Ta dube ni, ta girgiza kai a hankali.

“Malam ɗin ya gani, ko?” in ji tsohuwar. “Ya ce mene?”

Na ce, “Ya gani, Kaka. Ya ce ya yi kore sosai.”

Ta yi dariya har da tafa hannu. Na sha ruwan da aka kawo min, na yi sallama, na fito da maganar da na zo da ita a bakina. A cikin keken na yi kuka, mai keken yana ta satar kallona ta madubi.

A watan Satumba aka dawo. A makarantarmu kowane ɗalibi da teburinsa, idan aka canza masa aji da kansa yake ɗauka. Da aka gama karanta sunaye a asambuli, na hango Winifred ta fito daga ajin Kimiyya da tebur a kai, kujera a hannu. Na tare ta a tsakiyar fili. Na fara ce mata akwai hanyoyi, wataƙila nan gaba ta rubuta Bayoloji da Kemistiri a waje, mutane suna yi. Ina faɗa ina jin yadda maganar ba ta da nauyi, don ni da ita mun san ba a cin waɗannan darussan ba tare da an zauna a ajinsu ba.

Ta sauke teburin ta huta.

“Malama, kar ki damu,” ta ce. “Kaka har yanzu ba ta sani ba. Yau da safe ma cewa ta yi in yi karatu da kyau, in gama da wuri tun tana da rai, in zo in riƙa yi mata allura.”

Na kama mata gefe ɗaya, ta mayar da teburin bisa kanta. Ta dubi ginin da ke can gefen filin ƙwallo, ta ce, “Malama, wane ɗaki ne na Ats ɗin?”

Na nuna mata da hannu.