Kitson Treasure

Da rana ƙafafun Mama Jimmai lafiyarsu ƙalau. Amma bari la'asar ta yi ta ce za ta zauna, sai ka ce tururuwa ke yawo a cikin ƙashinta, kuma ba abin da ke kwantar da su sai tafiya. Ta zagaye falon gidansu na garin Pleasant Garden, can ƙasar waje, har kafet ya yi hanya. Mijinta Baba Choji, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya raɗa mata suna Mai Gadi.

Sunan bai dame ta ba, bikin jikarta Treasure ne ya dame ta. A danginsu, tun suna Bukuru, kaka ce ke yi wa amarya kitso ana gobe biki, amarya a ƙasa, kanta a tsakanin gwiwoyin kaka. Da suka gwada, ba a je ko'ina ba gwiwar Mama ta harba ta sami kunnen yarinya.

"It's okay, Kaka, zan je salon a yi min kitson," in ji Treasure tana murza kunne.

Salon! Mama ta shige kicin ta sha kukanta.

Baba Choji ya tuƙa ta zuwa wajen likitar jijiyoyi a birnin Greensboro. An riga an ƙara mata ayon, wato sinadarin ƙarfe, a jini, an gwada magunguna, ɗaya ma ya ƙara tsananta abin. Likita ta ce saura ƙaramin awo na opioid, wato magungunan kashe zafi masu ƙarfi, ta fara kiran sunayensu. Tana cewa tramadol, Mama ta suri jakarta.

"Tramol? Wanda ya haukata samarin unguwarmu a gida? Ni shugabar Zumuntar Mata guda? Allah ya kiyaye!"

"Haba Mai Gadi, tsaya ki ji mana," in ji Baba, dariya na cinsa. "Zama dai ba ki iya ba, amma tsayuwa ai sana'arki ce."

Likita ta ce dama ba shi za ta ba ta ba, don shi ma yakan ƙara ciwon idan an daɗe. Oxycodone yana aiki, amma ba ya jimawa a jiki. Methadone yana jimawa, sai dai yakan taɓa bugun zuciya, ga shi zuciyar Mama tana da nata tarihin. Buprenorphine kuwa a ƙarƙashin harshe ake sa shi, bai cika danne numfashi kamar sauran ba, amma yana iya sa tashin zuciya, kuma dole a riƙa kuskure baki saboda haƙora. Dukansu jiki yana sabawa da su. Duk wanda aka zaɓa, a kulle shi a akwati, kada a ƙara awo, a riƙa dawowa ana dubawa.

"Kin ga manema aure uku," in ji Baba. "Kowa da halinsa. Ni dai kada ki zaɓi wanda ya fi ni."

Mama ta harare shi, ta juya wajen likita. Tsoro take ji sosai, amma salon ya fi ba ta tsoro.

"Wanne ne zai bar ni in zauna in gama kitso ban yi gyangyaɗi ba?"

Likita ta ce ba za ta yi alkawari ba, amma su fara da na ƙarƙashin harshe. Da farko ya wahalar da Mama da tashin zuciya, aka rage, sannan jiki ya karɓa.

Ana gobe biki gida ya cika da ƙamshin gwate da hayaniyar mata. Da la'asar Mama ta zauna, Treasure ta shiga tsakanin gwiwoyinta, aka kawo man kaɗanya da tsinke. Mama ta tsaga layin farko tana jiran tururuwa. Shiru. Ta yi na biyu. Can sai ta manta da jira, ta kama waƙar coci, mata suka amsa mata har da tafi.

Da ta ɗaure na ƙarshe, sai ta ga amarya ta yi barci, kumatunta a kan cinyarta. Baba Choji ya leƙo zai ce abinci na hucewa, ya tarar da matarsa tana dariya hawaye na zuba.

"Lafiya?"

"Choji, ƙafata ta sage," ta ce da raɗa. "Tsabar zama!"

"To, in tashe ta ki miƙe?"

"Ka taɓa ta ka gani. Kawo min abincin nan."